Ƙafar Mahaucin Farcha

Ban taɓa mantawa da ranar da na dawo daga hutu na tarar da wani dattijo a gadon da ke bakin taga ya juya wa kowa baya, ya ce shi ya yarda ya mutu amma ba za a yanke masa ƙafa ba. Ranar Litinin ce, cikin tsakiyar bazara, lokacin nan da ko fanka iska mai zafi take hura wa mutum a N'Djamena. Na yi aikin jinya har kaina ya yi fari, na ga masu rai na ga matattu, amma duk sanda ku yaran yanzu kuka tambaye ni abin da ya fi tsaya mini a rai, wannan dattijon ne yake fara zuwar mini.

A lokacin ni ne majo na sashen tiyata na maza. Ga wanda bai san aikinmu ba, majo shi ne babban ma'aikacin jinya na sashe. Shi yake raba aiki, shi yake kula da gadaje da kayan wanke ciwo, shi likita yake nema idan abu ya kwaɓe, kuma shi 'yan uwan majinyaci suke zagi idan ruwan famfo ya ɗauke, kamar shi ya shanye. Sama da ni akwai likitocin sashen, akwai kuma sirbeyan, wato shugaban ma'aikatan jinya na asibitin gaba ɗaya. Kowace safiya muna yin abin da muke kira bizit, likita ya bi gado-gado yana duba majinyata, mu muna biye da shi muna karɓar umarni.

Sunana Iliyasu, amma a asibiti Majo Ilu aka san ni. A unguwar Amriguébé ta garin nan aka haife ni. Kakana Bazazzage ne, ya taso a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a garin nan don ya huta, ya yi aure, hutun bai ƙare ba har Allah ya karɓi ransa. Saboda haka na tashi da Hausa a gida, Larabcin Chadi a titi, Faransanci kuma a makaranta da wurin aiki.

Dattijon da nake ba ku labari Baba Garba ne sunansa, mahauci, Bakane, ya zo ƙasar nan da girmansa ya zauna a unguwar Farcha kusa da mayanka. Yana da ciwon suga, bai taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba. Wata rana tsinin ƙashi ya soke shi a tafin ƙafa, kuma kun san mai suga ba ya jin zafin ƙafa kamar kowa, bai farga ba sai da wurin ya kumbura. Aka yi ta shafe-shafe a gida, wannan ya kawo gari, wancan ya kawo mai. Kafin a kawo shi wurinmu yatsun sun yi baƙi ƙirin, baƙin ya fara hawa idon sawu, warin kuwa tun daga bakin ƙofar ɗaki yake tarbar mutum.

Likitar da take riƙe da shi Dakta Denemaji ce, 'yar kudu, Kirista, doguwa marar yawan magana, hannunta a tiyata kuwa sai dai mu ce masha Allah. Hausa ko "zo in kashe ki" ba ta ji. Ta duba ƙafar ta ce babu abin yi sai a yanke daga ƙasan gwiwa, kuma da gaggawa. Idan aka jinkirta ruɓar za ta haura gwiwa, idan aka ƙara jinkirtawa gubar ta shiga jini, daga nan sai dai addu'a.

To, ƙa'idar aikinmu ita ce ba a yi wa mutum mai hankalinsa tiyata sai da yardarsa. In ya ƙi, sai ya sa hannu cewa shi ya ƙi, a sallame shi ya tafi gida. Muna kuma da wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba: idan majinyaci ba ya jin Faransanci ko Larabci sosai, duk wanda ya fi iyawa cikin danginsa shi ne tafinta. Larabcin Baba Garba na kasuwa ne, ya iya ciniki ya iya faɗa, shi ke nan. Saboda haka aka tsayar da ɗansa Lawal, magidanci mai sayar da kayan babur a unguwar Diguel, wanda Faransancinsa ya fi na wasu ma'aikatanmu. Tun makon da ya wuce ake yi wa dattijon bayani ta bakin Lawal, amsarsa ɗaya ce. Ya kalli bango ya ce a'a.

Da muka gama bizit na wannan Litinin ɗin, wasu abokan aiki suka fara ƙorafi. Ga mutane a kwance a baranda suna jiran gado, ga wanda ya samu gadon ya ƙi magani. Ba zan ce ba su da gaskiya ba, ni ma da na ga masu jiran sai da raina ya sosu. Amma Dakta ta ja ni gefe ta ce, "Majo, an ce yarenku ɗaya da shi. Ba lallashinsa nake so ka yi ba, an yi masa lallashi har ya gaji. So nake in san me ya sa. Mutumin da yake son mutuwa ba ya tambayar lokacin salla, ba ya neman a gyara masa filo. Wannan yana son rayuwa. Akwai abin da ba mu ji ba."

Na ce, "Dakta, in ya ƙi faɗa fa?"

Ta ce, "To sai mu sallame shi, amma ba kafin mu tambaya ba. Zazzaɓinsa ya tashi yau da safe. Lokacin da ya rage mana ba shi da yawa."

Na tafi wurin gadon na yi sallama da Hausa. Dattijon ya ɗan waiwayo, ya amsa, ya sake mayar da fuska bango. Lawal yana tsaye ta wajen kansa, hannu a baya, ya rame kamar shi ne majinyacin. Na tambayi dattijon wannan ɗansa ne? Ya ce, "Yaron gidanmu ne." Bai kalle shi ba, bai kama sunansa ba. Na tambayi Lawal a hankali shi ne na nawa a gidan, ya sunkuyar da kai ya ce shi ne na fari.

Nan na fara ganin bakin zaren. Mu da muka tashi a hannun tsofaffi mun san kunyar ɗan fari. Uba na wancan zamanin ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya hira da shi, ba ya bari ya ga rauninsa, balle ya roƙe shi wani abu da bakinsa. Ba ƙiyayya ba ce, sau da yawa ma shi ne aka fi so. Mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Mu kuwa a asibiti mun ɗauki wannan ɗan farin mun dasa shi tsakanin uban da likita, mun ce duk abin da yake cikin dattijon ya bi ta bakinsa. Babu wanda ya yi da mugun nufi. Shi ya fi iya Faransanci, shi ke nan dalilin.

Na ce wa Lawal ya je bakin asibiti ya nemo wa babansa ƙanƙara, kuma kada ya yi sauri. Ya yi mini wani kallo da bai yi mini daɗi ba, amma ya tafi. Na jawo benci na zauna daidai fuskar dattijon.

Na ce, "Baba, daga ina a Najeriya?"

Ya ce, "Kano."

Na ce, "Ashe bawana ne aka kwantar mini a sashe ban sani ba. Ni jikan Zazzagawa ne."

Karo na farko ya dube ni sosai. Ya ce, "Ai na ji tun daga sallamarka. Wa ya ba Bazazzage farar riga? Lallai ƙasar nan ba su tantance mutane."

Na yi dariya, shi ma gefen bakinsa ya motsa. Kanawa da Zazzagawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kuma ba ƙaramin aiki wannan wasan ya yi mini a ranar ba. Sai na ci gaba da tsokanarsa. Na ce ban taɓa jin mahaucin da yake tsoron wuƙa ba sai yau, kuma ban yi mamaki ba da na ji Bakane ne. A zuciyata na riga na yanke cewa tsoron tiyata ne, ko kuma tsoron zama gurgu yana jiran a ba shi. Na shirya bayanina tsaf, na allurar barci da na ƙafar roba.

Ya ce, "Ɗan nan, ni da wuƙa mun saba. In yankewa ce kawai, ba ni ita in yanke da kaina."

Na ce, "To mene ne, Baba?"

Ya mayar da fuska bango har na zaci ya koma gidan jiya. Can ya ɗaga hannu ya nuna taga. Ya ce, "Leƙa ka gaya mini abin da ka gani."

Na leƙa. Tagar tana kallon bayan asibiti ne, inda murhun ƙona shara yake. Wuri ne da nake wucewa kullum ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Hayaƙi yana tashi daga bututun a hankali.

Ya ce, "Washegarin da aka kawo ni, mutumin da yake wancan gadon aka yanke masa tasa ƙafar. Da ya farfaɗo ya tambayi mai shara inda aka kai ta, da Larabci, na ji da kunnena. Aka nuna masa can. Ni kuwa ba sai an gaya mini ba. Tun ina yaro nake babbake ƙafar saniya da kan rago. Na san warin gashi a wuta, na san na fata, na san na ƙashi. Da iska ta juyo da hayaƙin nan ɗakin nan, na san ba auduga kaɗai ake ƙonawa ba."

Ya numfasa, ya shafa cinyarsa ta wajen ƙafar mai ciwon.

"Ƙafar nan ita ta kai ni masallaci tun ban san hagu da dama ba. Da ita na yi ɗawafi. Da ita na tsaya na ciyar da iyalina. Yanzu don ta gaza sai a jefa ta cikin bokiti tare da tsummokaran ƙazanta, a cinna mata wuta ina kwance ina shaƙar warinta? Wutar da muke roƙon Allah ya tsare mu da ita dare da rana, ni in sa hannu a fara da ƙafata tun a duniya? A'a. In mutuwa ce, in mutu da ita a haɗe, a binne mu tare."

Shekaru nawa ina miƙa wa masu shara ƙullin gaɓoɓin da aka yanke, haka aka koya mana, haka tsari yake, kuma tsarin yana da dalilinsa. Amma ban taɓa jin abin daga bakin wanda yake kwance a bakin taga ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Na ce, "Baba, in da za a naɗe ta a farin ƙyalle a kai ta maƙabarta a binne, za ka yarda a yi aikin?"

Ya ce, "Yau ma. Amma wa zai yarda? Ku da kuka yi boko dariya za ku yi."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ya ce, "Ta bakin wa? In dubi yaron nan in ce masa ya ɗauki ƙafar ubansa a hannu ya je ya tona rami? Kai ma ka sani ba ta faɗuwa."

Na tashi na sami Dakta a ofishinta na kwashe duka na faɗa mata. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Sannan ta ce a garinsu ma idan mace ta haihu ba a yar da mabiyiya, ana binne ta a bayan ɗaki, kuma kakarta da za ta ji an ƙona ta da ba ta sake taka asibiti ba. Ta miƙe ta ce mu je wurin shugaban sashen tsafta, don duk abin da aka cire daga jikin mutum a tiyata a ƙarƙashin ikonsa yake.

Shugaban tsafta mutum ne mai riƙon ƙa'ida, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce ƙafar ruɓaɓɓiya ce, cike take da ƙwayoyin cuta. In aka miƙa wa dangi, wa ya san inda za su kai ta? Wani zai tona ɗan rami a bayan gida, karnuka su tono, yara su taɓa. In kuma aka yi wa mutum ɗaya, gobe kowa zai nema, shi kuma ba shi da ma'aikatan bin kowa maƙabarta. Ni a lokacin raina ya fara ɓaci, don ina da saurin hawa, har na buɗe baki zan ce masa ko shi zai so a ƙona tasa. Dakta ta ɗora hannu a kan teburin, na gane nufinta na yi shiru.

Ta ce masa, "Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Ban zo in ce ka karya ƙa'ida ba. Na zo ka gaya mini sharuɗɗan da in an cika su hankalinka zai kwanta. Kai ka san wannan fannin, ba ni ba. Abin da na sani shi ne in ba mu sami hanya yau ba, mutumin nan zai koma Farcha ya mutu."

Ya jingina da kujera ya yi tunani. Sai ya fara lissafowa da kansa: a wanke ta da ruwan kashe cuta tun a ɗakin tiyata, a saka a leda mai kauri a ɗaure, a ƙara wata ledar a kai, kada kowa ya buɗe bayan nan, a binne a ranar, a maƙabarta ba a gida ba, rami mai zurfi, kuma ma'aikacin asibiti ya raka ya gani da idonsa. Na ce ni zan raka. Muka je wurin sirbeyan mu uku, ya saurara, ya ce in shugaban tsafta ya yarda shi ba shi da ja. Kafin azahar magana ta ƙare.

Ina fitowa na ci karo da Lawal a baranda, ƙanƙarar ta narke a leda a hannunsa. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Majo, ni ba yaro ba ne. Na san korata ka yi. Mahaifina ne fa. Me ya gaya maka da ni ba zan ji ba?"

Na ce masa abin da majinyaci ya faɗa mini amana ce, sai da izininsa. Ya jingina da bango ya ce, "Ni na sani. Gani yake in aka yanke zai zame mini nauyi. Gara ya mutu da ya zauna a hannuna. Kalas, shi ke nan, na gane." Ya juya fuska don kada in ga hawayensa.

Na koma wurin dattijon na gaya masa an yarda, na faɗa masa sharuɗɗan. Ya ɗaga hannu biyu ya yi hamdala. Sai ya ce ni da limamin unguwarsu mu yi abin, kada a gaya wa yaron. Na ce, "Baba, ni dai Bazazzage ne, ba na ɓoye wa Bakane gaskiya. Yaron nan yana waje yana kuka. Yana zaton mutuwa ka zaɓa don kada ka zauna a hannunsa. In ka bar shi da wannan zaton, ko an yanke ƙafar an bar wani ciwon."

Ya rufe ido. Can ya ce, "To gaya masa. Amma ba a gabana ba."

Na fita na gaya wa Lawal. Ya saurara har ƙarshe. Da na gama ya tambaye ni abu ɗaya kawai, yadi nawa na farin ƙyalle zai isa. Ya hau babur ya tafi kasuwa.

Da la'asar aka shiga da Baba Garba. Dakta ta gaya mini daga baya cewa da an ƙara kwana, da sai ta yanke daga saman gwiwa, don ruɓar ta kusa cin wurin da za ta ɗinke. Allah ya sa ta sami nama mai rai a ƙasan gwiwar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai gwiwa yana koyon tafiya da ƙafar roba cikin sauƙi fiye da wanda ya rasa ta.

Aka miƙo mini ƙullin kamar yadda aka tsara. Lawal yana jira a ƙofar baya shi da limamin, wani dattijo mai sanyin murya. Na so in riƙe da kaina, Lawal ya ce in ba shi. Ya shimfiɗa ƙyallen a kan benci, ya naɗe ledar a hankali, ya ɗaure sama da ƙasa, ya rungume a ƙirjinsa. A mota liman ya yi mana bayani cewa gaɓar mai rai ba a yi mata salla, suturtawa kawai ake yi a binne, saboda darajar ɗan Adam. A maƙabarta masu tona kabari suka taso za su taimaka, Lawal ya karɓi magirbin ya ce shi zai yi. Ƙasar bazara ce, ta bushe ta yi tauri, ga rana ba ta gama sanyi ba. Ya yi ta sara har rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da na ce zurfin ya isa sai da ya ƙara. Ya sauka ya ajiye da hannunsa, ya mayar da ƙasa, liman ya yi addu'ar Allah ya ba mai ita lafiya, muka shafa.

Muna dawowa muka tarar dattijon ya farfaɗo, an mayar da shi ɗaki. Na riga na sa an canja masa gado zuwa ɗaya ɓangaren, nesa da tagar. Bai tambayi yadda aikin ya tafi ba, bai ko kalli inda bargo ya faɗa ba. Ni ya nema da ido ya ce, "An yi?"

Na ce, "An yi, Baba. Amma ba ni na yi ba, ni kallo kawai na yi."

Lawal yana tsaye daga ƙarshen gadon, ƙasa har gwiwar wandonsa, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Dattijon ya kalli hannayen nan ya daɗe. Bai kalli fuskarsa ba, bai kira sunansa ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Majo, ku duba masa hannun nan, ku sa masa magani. Kuma a ba shi ruwa, ya sha rana." Lawal ya durƙusa a wurin ya kifa kansa a bakin katifa. Ni kuwa na fita baranda, don majo ba ya kuka a gaban ƙananan ma'aikata.

Baba Garba ya warke. Ya koyi tafiya da sanduna, daga baya aka yi masa ƙafar roba. Bai koma yanka ba, amma ya koma Farcha yana zama a rumfarsa yana yi wa yaransa faɗa sun lalata nama. Duk sanda ya zo a duba sugansa sai ya leƙo sashenmu ya tambaya ko Bazazzagen nan yana nan ko an gano shi an kore shi. Wata rana na tambaye shi ko yana kewar ƙafar. Ya ce, "Kewar me? Ai gaba ta yi ta kama mini wuri. Ni ne dai ban shirya bin ta ba tukuna." Ya yi shekaru masu yawa bayan nan, ya ga jikoki.

Bayan wannan, Dakta da shugaban tsafta suka zauna suka mayar da sharuɗɗan nan tsarin sashe. Duk wanda za a yanke wa gaɓa ana tambayarsa, shi kaɗai, abin da yake so a yi da ita. Wasu suna cewa a binne, wasu suna cewa asibiti ta yi yadda ta saba, Musulmi da Kirista duka, kuma abin da shugaban tsafta ya ji tsoro na cewa aikin zai fi ƙarfinsu bai faru ba, dangi suna cika sharaɗi fiye da yadda muka zata. Muka kuma daina ɗaukar tafinta don ya fi kowa iya Faransanci. Majinyacin muke fara tambaya wa yake so ya tsaya masa.

Kafin in yi ritaya an tura ni wani taron ƙara wa juna sani, ma'aikatan lafiya daga ƙasashe daban-daban. Aka yi ta zuba manyan kalmomi a kan sanya majinyaci a tsakiyar aiki, har na fara gyangyaɗi. Da aka ce kowa ya ba da misali daga wurin aikinsa, na ba da labarin Baba Garba. Ina zama wata ma'aikaciya daga wata ƙasa mai nisa ta ce su ma sun yi fama da mata masu ƙin haihuwa a asibiti, sai da aka tambaya aka gano ba a barin uwayensu su shiga ɗakin ne. Wani ya ce nasu tsofaffin suna gudu ne saboda rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya. Kowa da irin nasa. Na dawo da farin ciki, don na ga ba mu kaɗai muke koyon abin ba.

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuka shigo aikin yanzu, shi ne mutanen da suke wannan sana'a yawancinsu ba mugaye ba ne. Gajiya ce, da yawan jama'a, da sabo. Sabo shi ne yake sa ka daina ganin abin da yake gabanka. Kuma majinyacin da ya ce a'a ba lallai taurin kai ba ne ko jahilci. Sau da yawa akwai abin da yake karewa wanda a wurinsa ya kai rai daraja, kuma bai sami wanda zai iya faɗa wa ba. Kafin ku miƙa masa biro ya sa hannu ya tafi, ku rage mutanen da suke kansa, ku zauna, ku tambaye shi abin da yake tsoro. Wuƙar Dakta ce ta ceci Baba Garba, wannan babu shakka. Amma da ba ta ce a je a tambaya ba, da wuƙar tana nan a cikin tire, shi kuma yana maƙabarta da ƙafafunsa biyu.